Gyaran Wuta Ba Kanwar Lasa Ba Ne, Malam Mai Tasta

Ka ce me? Wai gyaran wutar lantarki ma har sai an shiga makaranta? To sannu da aiki, Injiniya. Ai na gane ka tun daga nesa. Kai ne mai jar tasta a aljihun gaba kusa da biro, wanda in ƙwan fitila ya mutu a gidan maƙwabta ake aiko yaro ya kira. Ka taɓa canza fis, ka taɓa naɗe waya da baƙar leda, shi ke nan ka yi wa kanka bikin yaye. Yanzu an ce ƙaninka ya je kwalejin fasaha ya yi shekara uku yana koyon wayarin da gyara, ka taɓe baki kana cewa asarar lokaci ce, ai waya biyu ce kawai, ja da baƙa.

Uku ce, ranka ya daɗe. Ta ukun, koriyar nan ko mai ratsin kore da rawaya, ita ce ke tsaye tsakaninka da likkafani. Ita ce kuma kullum kake gutsurewa ka yar, wai ba ta aikin komai.

Ka ce tastarka ba ta taɓa yi maka ƙarya ba? Ba ka dai kama ta ba. Abu ɗaya ta iya faɗa, akwai wuta, shi ma a tsakar rana da kyar kake ganin haskenta. Nawa ce wutar, ta cika ko rabi ce, tana yoyo ta jikin firji ko ba ta yi, duk wannan ba ruwanta. Wutar gidanka bolt 230 ce. Na'urar kariyar da ake sa wa gida don ceton rai an yi ta ne ta katse da zarar miliamfiya 30 ta ɓalle ta bi inda bai kamata ba, domin daga nan abin ya fara zama na kuka. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana jan ninki takwas na wannan da 'yan kai. Wato abin da zai kai ƙato ƙasa bai isa ya haska banɗakinka ba. Ka ci gaba da gwadawa da bayan hannu.

Ka ce ai wutar ma babu ita, me yaron zai gyara, duhu? Yawwa, nan nake jiranka. Gaskiya ne, daga NEPA ta 1972 aka koma PHCN a 2005, aka miƙa Kano da Katsina da Jigawa ga KEDCO a 2013, suna yana ta canzawa, yara kuwa har gobe ihun NEPA suke yi in an kawo. Amma wa ya gaya maka mai gyara da tsayayyar wuta yake cin abinci? Wutar da ke zuwa ta koma, ta zo rabi, ta dawo da fushi, ita ce ke ƙona firji da fanka da injin markaɗe. Leƙa bayan ƙofar gidan duk wani mai ɗan hali ka gani: ga layin kamfani, ga na janareta, ga na sola da inbata da batura, duk sun haɗu a bango ɗaya suna hararar juna. Wa zai raba wannan faɗa? Kai? Kai da ka jona janareta kai tsaye a soket ba canjoba, wutarka ta bi waya ta koma kan fal, can wani bawan Allah yana saman tsani ya sakankance an kashe layi? A watan Agustan 2023 da Nijeriya ta katse wa Nijar wuta bayan juyin mulki, ka tambayi mutanen Yamai wa aka fi nema a gari, mai digirin zama a inuwa ko mai haɗa sola da tayar da janareta.

Na ji ka, na ji ka. Ka ce kai ba zaman nan za ka yi ba, Libiya ka nufa, ƙasar mai, inda wuta ba ta ƙiftawa kuma kuɗi ke bin mutum. Allah sarki. Zo mu je tare, a baki, tunda ba a biyan kuɗin mota.

Daga Agadas ka bi ta Dirku da Madama, ka faɗa Gatrun, ka iso Sabha, babban birnin Fezzan. Arewa maso gabas da ita akwai Wadi Bawanis, inda garuruwan Tamanhint da Samnu da Zighan suke jere a kan hanyar Jufra. Dabino ne da gonaki kore shar a tsakiyar rairayi. Ka ɗaga kai ka nemi hadari, sai wuyanka ya ƙage. Ruwan nan duk daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, kuma ba guga ke jawo shi ba, famfon lantarki ne da aka zura can cikin rijiyar burtsatse. A irin wannan wuri, ranar da famfo ya tsaya ranar shuka ta fara mutuwa, domin zafin bazara yana haura digiri 40 ba tare da neman izinin kowa ba.

Wutar fa? Tana ƙiftawa, har lumshe ido take yi. Sabha na nesa da Tarabulus da sama da kilomita 700 a mota, kuma shekara da shekaru kudancin ƙasar yana rataye ne da dogayen layukan da suka taso daga arewa. In layi ya faɗi, ko ɓarayin waya suka yi aikinsu, sai yanki guda ya kwana a duhu. Tashar Ubari mai megawat 640, wadda kamfanin ENKA na Turkiyya ya gina, ta sha tsayawa saboda rashin tsaro kafin ta fara amfani. Kamfanin lantarkinsu GECOL yana shan irin addu'ar da kake yi wa naku, da Larabci kawai ake yin tasu.

Yanzu ka tsaya ka ga abin da ke faruwa a gona. Babban famfo da fes uku yake aiki. Wuta ta yi wargi, fes ɗaya ya ɗauke, biyu suka rage. Injin ba zai tsaya ya yi maka sallama ba. Zai ci gaba da juyi yana gurnani, wayoyi biyun suna ɗaukar kayan uku, koyil yana zafi har ya toye. Mai gona ya zo da safe ya tarar da bututu a bushe. Sai an tara ƙarti an zaro famfon daga rami, bututu bayan bututu, an kai wa mai naɗin koyil, an jira. Yaron da ya zauna a aji ya san wannan labari tun kafin ya faru. Zai buɗe akwatin, ya auna fes ɗin uku da mita, ya duba ko kontakta ta ci wuta, ya saita obalod daidai da abin da aka rubuta a jikin injin, ya sa na'urar da ke kashe famfo in fes ya ɓace ko ruwa ya ja baya. Aikin awa guda, ya ceci amfanin shekara. Kai kuwa da ka zo, obalod ɗin za ka cire ka haɗe wayar kai tsaye, don wai yana damun mutane da yawan katsewa.

A biranen Libiya 'yan ci-rani kan zauna bakin titi da sassafe, kowa ya ajiye kayan aikinsa a gabansa don mai mota ya san abin da ya iya. Wani guduma, wani burushin fenti, wani cebur. Masu cebur sun fi yawa, don haka su ake yi wa tayin wulaƙanci. Wanda ya iya karanta zanen wayarin ba ya daɗewa a wannan layi, lambarsa ake karɓa. Kada fa ka je ka ce ni na tura ka. Hanyar nan ta ci mutane, kuma a 2017 hukumar ƙaura ta duniya, IOM, ta ba da rahoton ana sayar da 'yan ci-rani a Sabha ɗin nan. Abin da nake nuna maka shi ne, ko ka tsallake Sahara, tambayar da ka gudu ka bari a gida ita za ta tare ka: me ka iya? Kuma famfon da ke Samnu ɗan'uwan wanda ke Kadawa ne da na fadamun Maraɗi. In ka iya shi, ba sai ka hau bayan Hilux ba.

Ka ce to an ji, amma a kai yaro wurin oga a bakin kasuwa ya fi, can ake koyon aiki na gaskiya? A nan kam ka ɗan taɓo gaskiya, kada dai kanka ya kumbura. Hannu a wurin oga yake faɗawa. Fasa bango, zura waya a bututu, hawa tsani, sanin halin mai gida da ke cewa a yi aiki mai kyau amma a sayi waya mai araha, babu allon da ke koyar da su. Akwai kuma makarantun da injin ɗaya tilo da ɗalibi zai gani shi ne wanda malam ya zana da alli. Sai dai oga abin da ya sani yake bayarwa, har da kurakuransa, a haɗe ba ragi. In shi bai san dalilin da ya sa ake sa waya mai kauri 1.5 a fitilu, 2.5 a soket, a ƙara kauri a na'urar sanyaya ɗaki ba, yaronsa ma ba zai sani ba, jikan sana'arsa ma haka. Ranar da wayar nutural ta tsinke a taransifoma, wutar wasu gidaje ta yi sama ta doshi bolt 400, talabijin na unguwa suka yi hayaƙi a tare, oga zai ce aljanu ne ko mugun nufin kamfani. A haɗa biyun mana. Yaro ya yi kwalejin fasaha ya zauna jarrabawar NABTEB, ko ya bi gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago daga mataki na uku zuwa na ɗaya, hutu kuma ya yi shi a shagon oga. Mai son aikin manyan layuka ga NAPTIN da aka kafa a 2009. Na Nijar ga makarantar fasaha ta Dan Kasawa a Maraɗi. Takardar ba ado ba ce: kamfani ba ya ba da kwangilar wayarin don an ce wane ya iya, shaida yake nema.

Sauran ƙorafinka ɗaya, na ga yana motsi a bakinka. Wai sana'ar hannu ta wanda boko ya ƙi ce. Madalla. Ɗauki biro, mai boko. Hitar ruwa mai wat 3000 a kan bolt 230, amfiya nawa take ja? Kana ta kallon silin. Sha uku ce, daidai iyakar abin da soket mai ƙafa uku zai ɗauka. Kai kuma a kan wannan soket ɗin ka jona doguwar waya mai araha, ka ɗora hita, ka ɗora dutsen guga, ka cusa wayar fanka tsirara ka danne da tsinken ashana. Da sanyin hunturu abin ya kama cikin dare, gobe a ce tsautsayi. Wanda boko ya ƙi ba zai iya wannan lissafi ba, kuma wanda bai iya shi ba bai kamata a bar shi ya taɓa bangon mutane ba.

Kada kuma ka ce ban da 'ya'ya mata. Gidan da namiji sai ya yi ta sallama a zaure ana a dakata, mace mai jakar kayan aiki kai tsaye za ta shige ta gyara ta fito.

Saboda haka ka daina gardama da ni, ka ga dai ba ka ci ko ɗaya ba. Ka kama hannun yaron nan ka kai shi a rubuta sunansa. Kafin ka biya ko kwabo, ka ce a buɗe maka ɗakin gwaji, a kunna injin ka ji ƙararsa da kunnenka. In suka fara kame-kame, ka juya ka nemi wata makarantar.