Ɗabi'un Masu Guzuri, Daga Tudun Wada Zuwa Ƙofar Kwastan

Duk wanda ya zauna a Tudun Wada ta Gusau lokacin da matafiya ke ɗaure kaya, ko maniyyata ne masu bi ta Bungudu su hau jirgi a Sakkwato, ko masu Umara da ɗalibai da ke ratsa Tsafe da Funtuwa su tashi daga Kano, su sauya jirgi a Addis Ababa ko Alƙahira, ya san mutumin Zamfara ba ya amincewa da tafiyar da babu yaji a cikinta. Hukuncin kuwa bayyananne ne: a zangon sauya jirgi jakar hannu ake bincikawa, inda tun 2006 a yawancin filayen jirgi ba a barin abu mai ruwa ya haura mililita 100 a kwalba guda, amma hisabin kwastan sai an isa ƙasar da aka nufa, ban da ƙasashe irin su Amurka, wadda ke tsayar da mutum da kayansa a filin da ya fara sauka. To, a gaban wannan hukunci jama'a sun kasu kashi biyar.

Na farko shi ne mai fatawa, wanda idan aka zaro kwalbar man shanu daga jakarsa, sai ya gyara rawani, ya kafa hujja cewa abin da ya daskare ya fita daga babin ruwa, ya kawo ƙiyasi da dalilai ga ma'aikacin da ba ya jin Hausa, alhali kuwa ɗumin hannunsa yana narkar da hujjar, jirgi kuma ba ya jiran ijma'in malamai.

Na biyu mai tawakkali ne. Ya halarci bita, ya ji gargaɗin Hukumar Alhazai cewa Saudiyya ta hana shiga da goro, har ya ce Allah ya kyauta, sa'an nan ya koma gida ya farke matashin kai, ya cusa ƙwarya guda, ya ɗinke, ya tofa addu'a, ya mance cewa layar zana ba ta cin na'ura, kuma jan haƙoransa ya riga ya ba da shaida.

Na uku ɗan saƙo ne, wanda kunya ta hana shi cewa a'a. "Ɗan nan," in ji gwaggonsa, "'yar daddawa ce da kuka, ka miƙa wa ƙanwarka." Kafin asuba unguwa duka ta ji labari, kayansa na kansa sun koma riga biyu, sauran kuwa amanar jama'a ce. Wannan dariyarsa gajeriya ce, domin jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ba su san gwaggo ba, kuma ƙullin da ba a kwance ba ya sha kai bayin Allah kurkuku a ƙasar wasu.

Na huɗu maƙiyin almubazzaranci ne, wanda sai a zango ya ji cewa Ingila ba ta yarda matafiyi daga ƙasashenmu ya shiga da nama ko nono ba, saboda haka ya shimfiɗa darduma, ya yi bisimilla, ya auka wa kilishi da dambun nama, ya yi sadaka ga Habashawa masu wucewa, ya haɗa har da ƙuli-ƙulin da ba wanda ya tuhuma, ya ƙarasa tafiyar yana roƙon ruwa.

Na biyar shi ne mafi ƙaranci, wato wanda ke bayyana abin da ya ɗauko tun ba a tambaye shi ba, a karɓe naman, sau da yawa a bar masa busasshen ganye da garinsa, ya wuce ba tara ba tozarci. Idan ya dawo, mutanen unguwa kan ce ba shi da dabara, su yanke shawarar kada a sake ba shi saƙo har abada, kuma a ganina babu ladan da ya fi wannan saurin isowa.