Wasiƙa zuwa ga Mai Girma IL-13, Sarkin Majinar Ƙirji

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, ina fatan ka tashi lafiya, tunda kai ka samu barci. Ni a zaune na kwana jiya, numfashi na fito, kaki ya ƙi fita ya ƙi komawa. Laifina kawai na shaƙi ƙurar hunturu a hanyar dawowa daga sallar isha'i.

Masana sun tona asirinka. Ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira Th2 ne ke turo ka. Ka sauka a bangon hanyar iska, ka tayar da STAT6, shi kuma ya kira SPDEF, sai ga ƙwayoyin da ke zamansu lafiya an sauya musu aiki, sun koma dama majina ba dare ba rana. 'Yan siraran gashin nan masu sharo datti zuwa maƙogwaro kuwa, ka rage su. Ka ɗebi masu zubar da shara aiki, ka sallami masu shara. A wace ƙaramar hukuma ka koyo wannan mulki?

Majinar ma ba ta kirki ka zaɓa ba. Ga MUC5B, mai aikin tsabta a huhun mai lafiya, amma kai MUC5AC ce 'yar lelenka, mai yauƙi kamar miyar kuɓewa. Tana fitowa ta sha ruwa ta kumbura, ta manne a bango, ta toshe bututu.

Wai an ce aikinka na gado korar tsutsar ciki ne, ka cika hanji da majina har ta sulale ta fice. Madalla. To kai wane irin mai gadi ne da bai bambance tsutsa da ƙura ba? Huhu ne nan, malam! Ka taɓa ganin tsutsa a hayaƙin janareto? Wa ya aike ka?

Histamin da tsokar nan mai shaƙe bututu, su ma wasiƙarsu na tafe.

Inhelar salbutamol tana buɗe hanya, amma ba ta narkar da abin da ka jibge. Akwai allurar dupilumab mai rufe maka ƙofa, wadda Amurka ta amince da ita don asma a 2018, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin albashina nesa ba kusa ba. Don haka inhelar kariya zan riƙe maka safe da yamma, ita ce ke rage maka baki. Kuma ka sani, ban yafe ba.

Naka ala tilas,
Mai ƙirjin da kake zaune ba ka biyan haya