Garin da Muke Ɗauke da Shi a Suna

Da sassafe muna zaune ƙofar gida a Katuru, an raba goro, an yi fatiha, wanzami na ta wasa askarsa, sai sanƙira ya ɗaga murya ya ce sunan jaririya Madina. Aka yi ta "Allah raya". Kawu dai bai iya haɗiye tasa ba.

"To ni abin ga ya ɗaure mini kai," in ji shi. "Mu da muka taso, ɗiya Hauwa'u ce, ko A'isha, ko Hadizatu. In ranar kasuwar Shinkafi ta zo duniya a riƙa kiranta Lami. Yanzu kuma gari guda ake ɗauka a aza wa jinjira?"

Liman ya yi murmushi. "Kawu, jikan nan naka da ke riƙe da buta, mi sunansa?"

"Buhari mana."

"To ai shi ma gari ne."

Nan fa hira ta buɗe. Liman ya ce Imam Buhari mai littafin hadisi sunansa na yanka Muhammadu, an haife shi a shekarar 810 a birnin Buhara, cikin ƙasar da ake kira Uzbekistan a yau. Cewa Buhari daidai yake da mu ce Bakano ko Bazamfare. Jelani ma haka: Shehu Abdulƙadir mutumin Jilan ne ta ƙasar Iran, ko da yake a Bagadaza ya rayu har ya rasu a 1166. Sayuɗi kuwa daga Asyuɗ ta Masar. Kuma ba yau muka fara ba, tunda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa yana da ɗa Muhammadu Buhari. Kawu ya kalli jikan nasa kamar yau ya fara ganinsa.

Ni kam abin da na lura da shi, mu ba kowane gari muke so ba. Ba ka taɓa jin an raɗa wa yarinya Legas. Inda zuciya ke marmarin zuwa, can muke ɗebo suna: Madina, Arfa, Safa, Marwa, Zamzam, Rauda. Wasu ma sun wuce duniyar baki ɗaya, su Firdausi da Kausar. Uwar da ba ta taɓa taka jirgi ba tana kiran Madina sau talatin a yini, tana aikenta ɗebo ruwa, kuma kowane kira kamar addu'a ne.

Wani malamin firamare da ke gefen tabarma ya ce ba mu kaɗai ke wannan ba. A ƙasar Ayilan, maƙwabciyar Ingila, akwai kogi mai suna Shannon, wanda ya fi kowane kogi tsawo a can. Yunwar da ta faɗa musu daga 1845 ta kori mutane fiye da miliyan guda, yawancinsu zuwa Amurka. Jikokin jikokinsu suka riƙa sa wa 'ya'ya mata sunan kogin, har a shekarun 1970 ya shiga sahun sunayen da aka fi yayi a Amurka. Akwai Kerry, sunan wani yanki nasu, da Tara, tudun da sarakunansu na dā suka zauna. Abin lura, in ji shi, waɗanda suka bar gida sun fi na gida riƙon waɗannan sunaye.

"Kewa ke nan," in ji Kawu, muryarsa ta yi sanyi.

Sai aka dawo kanmu. Mu namu garin ba a gaba muke sa shi ba, a baya muke ratayawa. Yaro ya shiga makaranta, aji ɗaya Muhammadu bakwai, dole malam ya bambanta: wannan Zurmi, wancan Moriki, wancan Ƙaura. Sunan ya bi shi har takardar aiki. Da haka duniya ta san ƙauyen Shagari a 1979, ta san Tafawa Ɓalewa, ta san Shinkafi ta bakin marigayi Umaru Ali Shinkafi da Mahmud Aliyu Shinkafi, wanda ya yi gwamnan Zamfara daga 2007 zuwa 2011. A Ƙauran Namoda kuma abin juyewa ya yi, garin ne ya ɗauki sunan mutum, wato Namoda, jarumin zamanin jihadi.

A nan ne hirar ta yi nauyi, don kowa a tabarmar ya san wani da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyensu. Akwai yaran da aka haifa a Gusau ko Sakkwato, ba su taɓa ganin gonar kakansu ba, amma in aka kira rajista a aji, sunan ƙauyen ne ke fita bayan nasu. Ina roƙon iyayen irin waɗannan yara kada su cire shi don kunya ko tsoron a ce musu 'yan gudun hijira. Ku bar musu shi, ku kuma gaya musu inda garin yake, da gulbin da ke kusa da shi, da ranar da kasuwarsa ke ci.

Da aka fito da jaririya don aski, Kawu ne ya fara miƙa hannu ya karɓe ta. Ya tofa mata addu'a, ya ce Allah ya kai ta garin da aka kira ta da shi, ya kai iyayenta. Muka ce amin.