Hawan Dutse a Ƙasar Gero

Duk wanda ya san arewacin Kano ya san ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. Ka tashi daga Ungogo ka bi ta Minjibir, ko ka miƙe hanyar Ɗambatta ka karkata Makoɗa da Kunci, ba abin da idonka zai ci karo da shi sai gona ta dafa gona, ga gawo ga tsamiya ga ɗorawa, da rumbu a bayan kowane gida. Abu mafi tsawo da yaron garinmu ya taɓa hawa kuka ce, sai kuma tankin ruwan da aka kafa mana dab da wani zaɓe, wanda har yau bai san ɗanɗanon ruwa ba. To a irin wannan wuri ne wasu samari da tsofaffin ma'aikata suka zauna a gindin dalbejiya suka kafa ƙungiyar masu hawan dutse, suka naɗa ni sakatare saboda ni kaɗai na zo da biro.

Tambayar da ta tashi taron farko ita ce, ina dutsen? A da muna da su. Duwatsun Kazaure da na Roni namu ne, har zuwa ranar 27 ga Agusta, 1991, da gwamnatin Babangida ta yanke Jigawa daga Kano. Jihar da sunanta ma tudun yashi yake nufi ita ta kwashe duwatsun, aka bar mu da yashin. Abin da ya rage kusa da mu sai Dala da Gwauron Dutse a cikin birni, da duwatsun Fanisau. Na kudu kuwa, su Rano da Riruwai, kuɗin motarsu ya fi ƙarfin asusunmu. Saboda haka Kazaure muke nufa sau da yawa, kuma tun da ana ƙetare iyakar jiha, 'yan ƙungiya suna kiran wannan "tafiya waje".

Ranar da na gaya wa uwargida, kallona ta yi ta ce, "Malam, in tafiya kake sha'awa, ga niƙa can tun jiya ba a kai inji ba." Na yi kamar ban ji ba. Shekara uku ke nan ina riƙe da littafin ƙungiya, kuma abin da ke cikinsa mutane ne fiye da duwatsu.

Mu fara da ciyaman, tun da shi ne babba. Shi ke sa lokaci, kuma da murya mai kauri yake sa shi: "Gobe ana sallame Asuba za mu ɗaga, wanda ya makara ya biyo mu da ƙafa." Shi ya kawo shawarar tarar naira ɗari biyar a kan duk wanda ya makara. Sai hantsi ya dubi ludayi za ka hango shi yana tafe yana sakace, yana tambayar dalilin da ya sa har yanzu ba a tashi ba. Ba a iya barin sa, domin direban motar surukinsa ne.

Kafin ya iso, mai kaya ya riga ya jiƙe da gumi. Wannan bawan Allah ya yi imani cewa kaya ne ke hawa dutse, mutum rakiya yake yi musu. Ya shiga layin gwanjo a kasuwar Ƙofar Wambai ya yi wa kansa sayayya irin ta mai shirin zuwa ƙasar ƙanƙara: takalmi mai nauyin turmi, rigar sanyi mai gashi a wuya, safar hannu, da sanduna biyu na ƙarfe. Duk wannan a watan Afrilu, lokacin da ko ƙadangare da gudu yake tsallaka titi. Jakarsa tana da aljihu sun fi ashirin, kuma bai taɓa samun abin da yake nema a aljihun farko ba. Akwai igiya, akwai tocila, akwai usur, akwai wani ɗan agogo mai allura da ya ce yana nuna arewa. Ran nan da Azahar ta yi, ya fito da shi don ya nuna mana alƙibla, ya juya, ya sake juyawa, ya tsayar da mu muna kallon Daura. Wani tsoho mai jaki da ke wucewa ya ce, "Samari, lafiya? Gabas ai nan take, inda kuka baro ta da safe."

A gindin dutse, kafin a taka ko'ina, sai an je an gai da mai unguwa. Wannan ba a wasa da shi, balle a wannan zamani da baƙin fuska a ƙauye ba abin raini ba ne. Na farkon da muka je wa dattijo ne mai natsuwa, yana zaune a kan buzu a ƙofar gida. Bayan an gaisa, ciyaman ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, dutsen nan naku muka zo hawa."

"Madalla. In kun hau fa?"

"Sai mu sauko, ranka ya daɗe."

Dattijo ya yi shiru, ya dubi takalmin mai kaya, ya dubi igiyar. "Daga gwamnati kuke? Awon fili ne?" Muka ce a'a. "Zinariya aka ce muku akwai?" Muka rantse. "Wani ne ba shi da lafiya aka ce ku samo saiwa?" Da ya ga duk ba ko ɗaya, ya kira wani jikansa mai kamar shekara goma, ya raɗa masa magana a kunne, ya ce ya raka mu kada mu ɓata. Mun ji daɗin wannan karamci ƙwarai.

Ba kowa ke wuce gindin dutse ba. Alhaji, alal misali, nan yake shimfiɗa dardumarsa. Shekarar da ya sauke farali ya hau Jabalun Nur har Kogon Hira, kuma tun daga ranar ya gama da duwatsun duniya. "Wanda ya hau Hira," in ji shi, "me zai nema a kan wannan ɗan tsauni?" Abin mamaki shi ne dutsen na Makka ƙara tsawo yake yi a kowace fita. Shekarar farko awa biyu ya yi yana hawa, bana ya kai tun daga Isha'i har kiran assalatu. Bai taɓa fashin fita ba, bai kuma taɓa fashin biyan kuɗin mota ba, don haka ma'aji ya hana a taɓa shi.

Kusa da shi mai guzuri yake zama, wai yana gadin kaya. Shi ƙungiya a wurinsa walima ce da aka ɗora wa wahala. Gurasa bandashe, dambu, kwaɗon zogale, ƙuli-ƙuli, fura a jarka, duk a cikin wani buhu da ba ya yarda a ɗaukar masa. Idan an matsa ya hau, to da buhun zai hau, yana rage masa nauyi a hanya.

Sai Yallaɓai mai ritaya, wanda likita ya ce ya riƙa motsa jiki. Shi ya ƙirƙiro taken ƙungiya, cewa hawan dutse maganin hawan jini. Ɗansa ya aiko masa da agogon da ke ƙirga taku, kuma an gaya masa taku dubu goma ake so a yini. Ba a yi wata biyu ba Yallaɓai ya gano cewa agogon ba ya bambance ƙafa da hannu. Yanzu za ka same shi a inuwar wani dutse a tsakiyar hanya, yana fifita da hula da ƙarfinsa, yana leƙa agogo yana cewa, "Alhamdu lillahi, saura dubu biyu."

Wanda na fi tausayi shi ne mai tsoron iska. Ban san abin da ya shigo da shi ƙungiyar nan ba, don a wurinsa kowane dutse gari ne mai sarki da fadawa, mu ne dai ba ma ganin su. Ba ya kiran sunansu, "mutanen wurin" yake cewa. Kowane bakin kogo sai ya yi sallama ya ɗan dakata, kamar mai jiran a ce ya shigo. Ya hana fito, ya hana nuni da yatsa, ya hana zama gindin tsamiya da rana tsaka, kuma idan wani ya yi dariya da ƙarfi sai ya ba da haƙuri a madadinsa. Wata rana ya yi sallamarsa a bakin wani rami, sai ga rema ta faso da gudu ta bi ta tsakanin ƙafafunsa. Jama'a, dutsen da muka yi fiye da awa guda muna hawa, bawan Allah nan ya sauke shi kafin mai kaya ya gano aljihun da usur yake. Takalminsa ɗaya yana can har yau, ya ce a bar musu. A littafin ƙungiya shi ke riƙe da kambun saurin sauka.

Malamin tarihi kuwa, wanda ke koyarwa a wata sakandare, ba ya hawa dutse sai da Barbushe. Ko a Kazaure muke, labarin Dala zai kawo: yadda maƙera suka zauna a gindinta suna narka tama tun kafin a san za a yi birni, da Tsumburbura a cikin katangarta, da zuwan Bagauda a shekarar 999. Daga nan ya tsallaka Taraba ya gaya mana Chappal Waddi ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419, sannan ya wuce zuwa labarin Everest mai mita 8,849 da Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka fara kai wa ƙololuwarsa a 1953. Na daɗe ina lura da shi kafin na gane sirrin: laccar ba ta tashi sai an zo inda hawa ya yi tsanani. Zai dafa dutse, ya ɗaga yatsa, ya ce, "Ku tsaya, nan akwai darasi," yana haki tsakanin shekara da shekara. Ba wanda ya taɓa tona shi, don kowa na bukatar darasin. Da ya gaya mana Barbushe a kan Dala yake zaune, ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara, Yallaɓai ya ce, "Ka ji mai hankali. Ya hau sau ɗaya ya huta."

Mai hoto ba ya bukatar dogon bayani. Taku talatin yake yi, ya sa a kwanta a ƙasa a ɗauko shi daga ƙasa zuwa sama, kafin mu kai rabi har an yi masa barka a Facebook. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, amma shi hangen ya ishe shi.

Waɗanda suka kai ƙololuwa ba su fi bakwai ko takwas, kuma a cikinsu akwai manomi. Shi ba ya haki, ba ya ɗauke da komai sai goro a aljihu. Kowa na cewa kai, dubi ikon Allah, dubi kyan ƙasa, shi kuwa ya kare ido da hannu yana duba aikin mutane. "Wancan geron an makara da shuka. Waccan gonar ba a yi mata maimai ba, mai ita ko dai ba shi da lafiya ko ya tafi cirani. Ka ga waccan mai duhun ganye? Gindin gawo ce, ta sha taki." Daga sama ƙasar kamar bargon da aka yi wa faci dubu, kowane faci an kewaye shi da gamba ko lalle, babu tafin hannu guda da aka bari banza. Malamin tarihi ya ce wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi shekaru yana nazarin karkarar Kano, yana mamakin yadda jama'a masu yawa haka suke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, da takin dabbobi da sharar birni da ake ɗaukowa a mangalar jaki. Manomi ya ce, "Da ya tambaye ni da na rage masa wahala." Sannan ya nuna wasu 'yan siraran gonaki guda biyar a jere, kamar an tsaga su da wuƙa. "Waɗancan da gona ɗaya ce. Uban ya rasu, 'ya'ya maza biyar. Ta ƙarshen ta fi faɗi, to ko dai shi ne babba, ko shi ya fi baki." Ya yi shiru, ya ɓantari goro. Na san abin da ke ransa, don su ma su shida ne a gidansu.

Ni kuwa kullum ni ne na ƙarshe, a hawa da sauka. Aikin sakatare ne ya tabbatar ba a bar kowa a baya ba, kuma ina roƙon mai karatu ya karɓi wannan bayani yadda 'yan ƙungiya suka karɓe shi.

Saura yaron mai unguwa. Silifas ne a ƙafarsa, ɗaya an ɗaure shi da leda. Kafin mu kai sama ya kai ya dawo sau uku: sau ɗaya ya karɓi jakar mai kaya, sau ɗaya ya koro wata akuyarsu da ta maƙale, sau ɗaya kuma don ya ga ko mun mutu ne. A hanyar sauka muka haɗu da wata tsohuwa da damin itace a ka, ta fito daga bayan dutsen ta inda mu da rarrafe muka bi. Muka ce, "Sannu, Inna." Ta ce, "Yawwa, 'ya'yan nan, ku ɗan matsa in wuce, ina sauri."

Da muka koma yin sallama, ina tsugune ina ɗaure igiyar takalmi a bayan zaure, sai na ji yaron yana ba kakansa rahoto.

"Baba, ba su ɗauki komai ba. Ba su haƙa ko'ina ba. Sun hau, sun ci gurasa, sun yi hoto, ɗaya ya yar da takalmi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Dattijo ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ja numfashi ya ce, "Allah ya ba su lafiya."

A littafin ƙungiya na rubuta cewa mai unguwa ya sa mana albarka.