Darasin Kemistiri Ga Mazauna Bakin Iyaka

Duk abin da ke tsallakawa daga Tsamiya ko Lolo zuwa Jamhuriyar Benin, da buhu da babur da mai babur ɗin, da ƙwayoyin zarra aka gina shi. Ƙwayar zarra ita ce mafi ƙanƙantar ɓarɓashin sinadari da ke riƙe da halinsa. Ido ba ya ganinta, shi ya sa har yau ba a taɓa tsare ta a shinge ba.

Abin da ƙwayoyin zarrarsa duk iri ɗaya ne, shi ne sinadari tilo. Akwai guda 118, ciki har da zinare, kabon da oksijin. In biyu ko fiye suka ƙulle da juna bisa ƙayyadadden kaso, an samu haɗaɗɗen sinadari. Gishiri ke nan: sodiyam mai tartsatsi in ya taɓa ruwa, da kulorin, iska mai guba. Kowanne shi kaɗai sai asibiti, a haɗe kuwa sai miya. Takin yuriya da manomin shinkafar Bagudo ke watsawa a fadama shi ma haɗaɗɗe ne, kashi 46 cikin ɗari naitirojin, muddin cikin buhun ya yarda da rubutun da ke bayansa.

Cakuɗe daban yake, babu ƙulli a cikinsa. Shinkafa da tsakuwa cakuɗe ne, uwargida na raba su a faifai. Fetur da aka sirka da kalanzir ma cakuɗe ne, sai dai shi bakanike ke ba da sakamakon gwajinsa.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne sauyin sinadarai, wato ƙwayoyin zarra su kwance tsohon ƙulli su ɗaura sabo, a samu wani abu dabam. Lokacin da aka rufe iyaka a Agustan 2019, an ga shinkafar Tailan ta kwana a buhun waje ta wayi gari a buhun 'yar gida. Wannan ba sauyin sinadarai ba ne, ko ƙwaya ɗaya ba ta motsa ba, riga kawai aka sake. Haka fetur da ke haurawa cikin jarka, mutanen Benin su kira shi kpayo: kuɗinsa ya ƙaru, halinsa na nan. Sauyi na gaskiya sai ya shiga inji. Nan kabon da haidirojin ɗinsa ke kama oksijin, lita guda da ba ta kai kilo ɗaya ba ta fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon-dayoksaid, ga tururin ruwa. Rarar daga iska take, wadda ba a fara karɓar kuɗin fito a kanta ba tukuna.

Ka'idar dai ita ce babu abin da ke ɓacewa, wuri da kama yake sauyawa. Saboda haka tankar da aka ce ta yi ɓatan dabo a hanya tana wani wuri, a nemi kimiyya shaida.

Wanda ya kafa wannan ka'ida a littafinsa na 1789, Antoine Lavoisier na Faransa, ya san zancen ciki da bai, domin mai karɓar haraji ne. Da shawararsa aka zagaye birnin Faris da ganuwa don toshe fasa-ƙwauri. An fille masa kai ranar 8 ga Mayu, 1794.