Yadda Ake Tayar da Gobara Ba Tare da Ashana Ba

Tun da yaron wani shagon tura finafinai a wajejen kasuwar Wunti ta garinmu ya cika min waya da abin da ya rantse "sabo ne fil, akwai wuta a ciki," na zama malami a wannan fanni. Wuta kam akwai. Gidan mugun attajiri ya kama ci bal-bal, amma labulen taga ko baƙi bai yi ba, wata kaza kuma tana ta kiwonta a tsakiyar harshen wutar. Ga darasi kyauta ga mai son haɗa irinsa.

Na farko, haddace kalma ɗaya: "Za a gyara a editin." Rana ta faɗi ba a gama ɗauka ba? Za a gyara a editin. Babu mota, babu doki, jarumi ya zo da hular da ba ita ya sa jiya ba? Edita na nan, Allah ya ba shi haƙuri da wutar lantarki.

Na biyu, nemi koren ƙyalle yadi biyar, ka rataya a bangon ɗaki. Kada ka kuskura ka fita waje. Mu da duwatsu suka kewaye garinmu, mu da ke da madatsar ruwa ta Gubi, mu da ke da Yankari da giwayenta da gwaggon birin da zai fizge maka burodi a bakin ruwan Wikki ba tare da an biya shi ko sisi ba, me za mu yi da su? Tsayar da jarumi gaban ƙyalle, ka liƙa masa dajin wata ƙasa a baya, ka bar koren zare-zare a gefen kunnensa don masu kallo su san an kashe kuɗi.

Zancen daji ya kawo mu kan zaki. Jama'a, zakin kwamfutar nan! Tafiya yake, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, ba inuwa, ba ƙura. Jarumi kuma an ce masa "ji tsoro," sai ya zare ido yana kallon gabas alhali zaki na yamma. Laifinsa ne? Bai ga komai ba sai darakta riƙe da robar ruwa. A Jurassic Park na 1993, Stan Winston da yaransa ƙera dodon suka yi da ƙarfe da roba, ƙato, yana motsi. Da aka sakar masa ruwan sama na ɗaukar fim, fatarsa ta sha ruwa har yana karkarwa, sai da aka riƙa tsane shi da tawul. Sun yi amfani da kwamfuta, amma na 'yan mintuna, inda ƙarfe ya gaza. Shi ya sa har yau in yaro ya gani yake maƙalewa a jikin uwarsa.

Kada a ce sai Amurka. Littafin Shaihu Umar ɗan yankin nan ne ya rubuta shi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ga kabarinsa nan a cikin gari. Da Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, ayari ayari ne, raƙumi raƙumi ne, zufar fuskar mutane tasu ce. Ko aljanin finafinan kaset na da ya fi mutunci: a shafa wa mutum gawayi da farar ƙasa, a zuba turare a kasko, a tsayar da kyamara ya matsa gefe, a ci gaba. Ya ɓace ke nan. Mun kwana da fitila a kunne saboda shi. Na yanzu walƙiya shuɗiya yake harbawa daga tafin hannu kamar mai walda a bakin titi, ƙannena suna dariya har da riƙe ciki.

Na huɗu, ko na biyar ne, oho: rundunar yaƙi. Ɗauki mutum ɗaya, ka kwafe shi ya cika fili, duk su sosa ƙeya a lokaci guda. A garin da ake Hawan Daushe duk Sallah fa, dawaki na tayar da ƙura har rana ta dushe!

Masu kuɗin ma ba su tsira ba. Adipurush na Indiya ya ci maƙudan kuɗi a 2023, 'yan ƙasar da kansu suka yi masa ca kan birai da dodannin kwamfuta. Shi kuwa Christopher Nolan, da yake son haɗarin jirgi a Tenet, jirgin Boeing 747 na gaske ya samo ya afka da shi cikin gini. Ban ce furodusanmu ya sayi jirgi ba. Zoɓo nake roƙo. Zoɓo na ɗari biyu, a kaɗa shi ya yi kauri, a zuba a rigar wanda aka harba, maimakon jan ɗigon nan da ke tsayawa a iska bayan gawa ta faɗi. Haba, don Allah, rigar ce ba a so a wanke?

Akwai sauran shawarwari uku, kan bindiga da haɗarin mota da ruwan sama. Na bar wa edita, ya ce zai saka su daga baya.