Malam Ibid Ba Ya Koyarwa a Libreville

Duk ɗalibin da ya zo rubuta kundin bincike a Jami'ar Omar Bongo ta Libreville zai ci karo da Ibid a ƙasan shafi, wani lokaci sau biyar a jere. Gara a sani tun da wuri: Ibid ba mutum ba ne. Ba shi da ofis a jami'ar, ba shi da rumfa a kasuwar Mont-Bouët. Gutsuren kalmar Latin ne mai nufin littafin da aka ambata yanzun nan. Op. cit. ma, wani gutsuren Latin ɗin, ba ƙaninsa ba ne.

Aikinsu isnadi ne. Ilimi ba ya karɓar "an ce", sai an faɗi wa ya ce, a ina, yaushe. Inda malamai suka saɓa shi ne wurin da za a zaunar da mai maganar.

Shi ya sa salon ambaton marubuci ya kasu iri-iri. Salon APA, wanda masana halayyar ɗan Adam na Amurka suka assasa a 1929, yana tare marubuci a tsakiyar jimla, ya karɓi sunan gidansu da shekarar littafinsa, sannan ya bar shi ya wuce. Chicago, ɗan 1906, ya fi sanin darajar baƙo: a zauren ƙasan shafi yake sauke shi, ya shimfiɗa masa tabarma, shi ya sa masu tarihi ke ƙaunarsa. Vancouver na likitoci ne tun 1978. Kati yake raba wa kowa da lamba kamar layin asibiti, sai a ƙarshen kundi ake kiran sunaye, kuma mai karatun likita zai yi ta ganinsa a mujallu. Harvard kuwa miyar kuka ne, kowane gida da yadda yake kaɗa tasa, don ba shi da littafin dokoki guda.

Zuciya ba ta zaɓen salo. Malamin da ke duba aikinka ne ke zaɓa, ko mujallar da za ka aika wa. Abin da ke hannunka shi ne riƙon amana. Wanda ya fara babi na ɗaya da APA ya ƙare da Chicago ya haɗa kishiyoyi a ɗaki guda, kuma ranar kare kundi za a ji hayaniyarsu.

Ɗan'uwa, kafin ka rubuta layin farko ka je ka gaida malaminka, ka tambaye shi salon da yake so, ka zuba littattafanka a manhajar Zotero, kyauta ce. Lambar shafi kuma ka rubuta ta ranar da ka karanta shafin.